Yadda ake sa wa Nissan Silvia S14 fuskar S15

Kamfanin Nissan ya ƙera Silvia S14 daga 1993 zuwa 1998, ya biyo ta da S15 daga 1999 zuwa 2002. A Turai S14 tana amsa sunan 200SX, a Amurka kuma 240SX. Ita S15 ba a kai ta kasuwar Amurka ko ta Turai ba. Japan ce gidanta, sai Ostireliya da Niyu Zilan. Don haka wanda siraran fitilunta suka shiga ransa, abin da ya rage masa shi ne ya ɗauko fuskar ya ɗora wa tsohuwar. Masu harkar suna kiran motar da aka yi wa wannan aiki S14.5. A Japan kuwa fuskar ichigo ake ce mata, domin ichi ɗaya ne, go biyar, in aka haɗa su kuma sai a sami sunan 'ya'yan sitiroberi. Aikin ɗan'uwa ne ga wanda garejojin Kano da Kaduna da Abuja suke yi wa Land Cruiser da Camry don su koma sabon yayi, sai dai a nan babu kayan da za a sauke daga kwali a ɗaure su zauna daram. Sai an auna, an yanka, an goge.

Abin da ya sa aikin yake yiwuwa shi ne motocin biyu tsatso ɗaya ne: tazarar tayar gaba da ta baya milimita 2525 ce a dukkansu. Abin da ya sa yake ba da wuya kuma faɗi ne. S14 milimita 1730 ce, S15 ta Japan 1695. Bambancin milimita 35 ke nan, kusan 17 a kowane gefe, ga shi layin da ya ratsa ƙofar S14 ba a inda na S15 yake ba. Fendar S15 ta asali ba za ta haɗu da ƙofar S14 ba sai an yanka ta an haɗa ta da rabin tsohuwar. Shi ya sa ake sayar da fenda ta musamman, galibi ta faiba, wadda gabanta na S15 ne, bayanta na S14.

Kayan da za a tara

Fitilun S15 biyu da soket ɗinsu da guntun wayar da ke jikinsu. Bonet na S15 tare da hinjinsa da makullinsa. Bamba ta S15 da ƙarfen cikinta da ƙananan ƙarafan da ke riƙe ta a gefe. Fendar haɗi biyu. Ƙarafan zaunar da fitila, na saye ko waɗanda za a lanƙwasa daga falange mai kaurin milimita 2. Sai ƙananan siginonin gefe, da noti da bol M6 masu yawa, da washa masu faɗi.

Kuɗin ya fi tafiya a kan fitila, kuma a nan aka fi cutuwa. Juya ta baya ka duba kunnuwan roba da ake ɗaure ta da su. Kunnen da aka liƙe da gam zai sake karyewa a ramin farko. Gilashin da ya yi ɗorawa-ɗorawa ana iya goge shi ya dawo, amma wanda ya yi ƙananan tsagu daga ciki ya tafi ke nan. A bonet, na ƙarfe na asali ya fi na faiba nesa ba kusa ba: shi kaɗai ne abin da ka tabbata siffarsa daidai take, kuma da shi za a auna sauran. Bamba ma ta roba ta asali tana lanƙwasa ta dawo in ta goga ƙasa, ta faiba kuwa fashewa take yi. Wanda zai bi titi mai tudun rage gudu ya san wadda zai zaɓa.

Duba motar kafin a kwance komai

Mota ce da ta haura shekara 25, kuma irin wadda ake wasan zamiya da ita, don haka a ɗauka ta taɓa cin karo har sai awo ya nuna akasin haka. A ajiye ta a daɓe mai daidai, tayoyi da iska ɗaya. A buɗe bonet, a auna da tef a gicciye: daga bol ɗin saman shokan dama zuwa ramin ƙarshe na gaba a hagu, sannan daga shokan hagu zuwa ramin da ya yi daidai da shi a dama. In bambancin ya wuce milimita 3, gaban motar ya karkace. A kai ta a ja shasin ya miƙe tukuna. Wanda ya tsallake wannan zai kwana uku yana neman dalilin da fitila ɗaya ta fi ɗaya shiga ciki, alhali laifin ba na fitilar ba ne.

A duba ƙofofin su ma. Bayan fenda da ƙofa yake bi, in ƙofar ta sauka saboda hinjinta ya ci, sai a gyara ta yanzu. A rufe ta, a ga layinta ya haɗu da na jikin baya, ba ta ɗaga ba ta sauka.

Kwancewa

A cire kan batir na ƙasa, wato negatif, a jira minti 10 kafin a taɓa waya, saboda jakar iska. Wayar jakar iska tana da rufi da soket masu launin ɗorawa, ba a yanka ta ba a gwada ta da fitilar gwaji. Sannan a sauke bamba, da fitilu da na kusurwa, da ragar gaba, da robar cikin fenda, da fenda, bonet a ƙarshe, mutum biyu. Kowane soket a naɗa masa salatif a rubuta aikinsa. Bol ɗin kowane sashe a ledarsa.

Fenda na sauka za ka ga inda laka ta daɗe tana kwanciya, musamman ƙasan ginshiƙin ƙofa. In akwai tsatsa a kankare ta har farin ƙarfe, a shafa firaimar ifoksi. Ba za a sake samun wurin a buɗe haka ba.

Ƙarfen gaba: hanya biyu

Ƙarfen da ke riƙe lagireto shi ne kuma mazaunin fitila da makullin bonet, kuma na S14 ba a yi shi don fitilar S15 ba. Hanya ta farko, a bar shi, a rage inda bayan fitilar yake tokara, a yi mata ƙarafan zama. Hanya ta biyu, a cire shi ɗungurungum a sa na S15. Ta biyun ta fi tsabta, domin fitila da makulli da ƙarfen bamba duk suna samun raminsu na asali, amma tana buƙatar mai walda da ya san aikinsa.

Wanda ya zaɓi ta biyu, ya sauke lagireto da kwandensar esi. A nemo ɗigon waldar kamfani, a huda kowanne da bakin diril na yanke ɗigo mai milimita 8, falle na sama kaɗai, kada a ratsa na ƙasa. A ɗora sabon ƙarfen a riƙe shi da matsi da ƙananan sukurori, ba walda ba tukuna. Sai an ɗora bonet da fitilu an ga sun zauna sannan a kama shi da wuta. Kafin walda a shafa firaimar zinki tsakanin fallayen, a zare soket ɗin kwamfutar inji, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki. A riƙa cike ramukan ana tsallakawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don zafi kada ya ja ƙarfen gefe guda.

A hanya ta farko, a yi yanka kaɗan-kaɗan. A shafa alli a bayan fitilar, a tura ta, a ga inda ya bar shaida, a rage wurin kaɗai. Duk inda aka yanke lanƙwasar ƙarfe an rage masa ƙarfi, don haka a mayar masa da wani falle a walde, in ba haka ba makullin bonet zai riƙa rawa. Siffar ƙarafan fitila a fara fitar da ita da kwali. A yi ramukansu dogaye, masu ba da wasan milimita 5 zuwa 8, don a sami damar matsawa.

Jerin ɗorawa

A nan mafi yawan aiki yake lalacewa, saboda an fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Bonet ne farko, sai fitilu, sai fenda, sai bamba. Dalili shi ne bonet da fitila ba sa karɓar gyara, siffarsu ke nan. Faiba ita ce ake ragewa ana ƙarawa, to ita za ta bi su.

A fitar da tsakiyar mota: a liƙa salatif a tsakiyar ƙasan gilashin gaba, wani a tsakiyar ƙarfen gaba, a ja zare tsakaninsu. A ɗora bonet a bar bol ɗinsa sakwa-sakwa, a daidaita tsakiyarsa da zaren. A gwada hinjin S15 da na tsohuwar motar, a ɗauki wanda ya zaunar da bayan bonet ɗin daidai da tsayin ƙofofi. In rami bai haɗu ba a tsawaita shi da fayil. A ɗaga a sauke a hankali, a tabbata bayansa ba ya taɓa hannun waifa, cikinsa kuma ba ya taɓa saman inji. Dabarar gane wannan: a ɗora ɗan curin yumɓu ko kwaɓaɓɓen fulawa a kan wuraren da suka fi tudu, a rufe bonet, a buɗe, a auna kaurin da ya rage. A so milimita 10 ko fiye, saboda inji yana motsi a kan kujerunsa.

Makulli sai ya kama sau biyu, kamun farko na tsaro da kamun rufewa. Bonet da ya tashi a guje gilashi yake fasawa ya rufe wa direba ido. In na faiba ne a ƙara masa fil biyu na waje, ba don ado ba.

Sai fitilu. Ratar da ke tsakanin saman fitila da leɓen bonet ta zama ɗaya daga kusurwar ciki har ta waje, milimita 4 zuwa 5. A yanka guntayen katako ko roba masu wannan kauri a riƙa cusawa a matsayin ma'auni, ido yana yaudara. A auna tsayin kowace fitila daga ƙasa, da nisanta daga zaren tsakiya. A ja baya taku goma a durƙusa a kalli fuskar. Milimita 2 a fitila ana ganinsa daga nesa, sai motar ta zama kamar mai harara.

Fendar faiba

Sabuwar faiba ba ta gama bushewa ba. A wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a bi da maganin cire maiƙo, domin akwai kakin da aka shafa wa mazubinta, kuma fenti ba ya kama kaki. Sannan a ɗaura ta a jikin motar a bar ta a rana kwana uku zuwa mako guda. Za ta ɗan motsa ta zauna, iskar da ta maƙale a ƙarƙashin fatarta za ta kumbura ta fito. Gara ta fito yanzu da ta fito bayan fenti. A bi jikinta da bayan sukudireba ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙarar fanko a fasa shi a cike.

Yawanci ba ta zuwa da ramuka, ko ramukan ba sa kan daidai. A riƙe ta da salatif da matsi, a fara daidaita bayanta da ƙofa: rata milimita 4 zuwa 5, layin jiki ya haɗu, fuskar fendar ta yi daidai da ta ƙofa ko ta ɗan fi ta fitowa da rabin milimita, don iska kada ta kama bakin ƙofar ta riƙa fito. A buɗe ƙofar a hankali a ga ba ta cizon fenda. Sai a huda ramin baya na sama, a sa bol, a matso gaba rami-rami. Ramin ya fi bol faɗi da milimita 2, a sa washa mai faɗi da ta roba a ƙasa, a ɗaure da hannu ba da injin iska ba. Faibar da aka matse da ƙarfi tsagewa take yi kamar tauraro a kewayen bol.

Kada a danne faiba a tilasta mata ta kai inda ba ta kai ba. Za ta zauna yau, bayan wata biyu ta tsage. Inda ta yi yawa a rage da samfefa mai lamba 80 a kan katako. Inda ta gaza a ƙara mata nama: a goge bayan wurin da faɗin yatsu huɗu, a yi mata madogara da kwali da aka rufe da salatif mai santsi, a shimfiɗa tabarmar faiba mai nauyin giram 300 ko 450 falle biyu zuwa uku. Ruwan faiba yana ɗaukar hadina, maganin da ke daskarar da shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 1 zuwa 2 a giram 100. A zafin bazara kashi 1 ya isa, kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin yana iya daskarewa a gwangwani kafin a gama shafawa. Wanda ya zuba hadina da yawa don sauri zai sami faiba mai gautsi. A riƙa danna buroshi ana korar iska har tabarmar ta daina fari.

Fila, ƙullun da ake cike kwari da shi, ta gyaran sama-sama ce kawai. Hadinarta kashi 2 cikin 100, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Bakin fenda da aka gina da fila zalla, ranar da aka rufe ƙofa da ƙarfi ranar zai ɓalle.

Bamba da hanyar iska

A ɗaura ƙarfen cikin bamba, kada a yar da shi don ya ƙi shiga. Shi ne abin da ke tsakanin lagireto da bayan motar gaba. A ɗora bamba a daidaita ta da ƙasan fitilu, sannan kunnuwanta da fenda. Tun da S14 ta fi faɗi, kunnuwan bambar S15 sukan so a ɗan buɗe su. Ta roba ana ɗumama ta da bindigar zafi daga ciki, a buɗe a riƙe har ta huce. Inda bamba ta haɗu da fendar faiba a sa falle na alminiyam a baya ya ɗauki nauyin.

In injin SR20DET ne mai turbo kuma intakularsa ta asali, mai sanyaya iskar turbo, tana kusurwar bamba gaban taya, a tabbata ramin sabuwar bambar yana kai mata iska. Haka lagireto: duk ratar da aka bari a gefensa iska za ta bi ta nan ta gudu maimakon ta ratsa shi. A toshe gefe da gefe da falle na roba ko alminiyam. Mota da ba ta zafi kafin aiki ta dawo tana zafi a go-sulo, nan za a fara dubawa. A mayar da robar cikin fenda ko da sai an yanka ta, in ba haka ba tsakuwar da taya ke watsawa za ta fasa faibar daga ciki, ta kuma cinye wayoyin da suka bi ta wurin. A murɗa sitiyari iyaka dama da hagu a ga taya ba ta goga komai.

Wayarin

Fitilar S15 ta haɗa dim da ful da sigina da ƙaramar fitilar fakin a gida ɗaya, alhali a S14 a rarrabe suke. Kada a dogara da launin waya, yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. A mayar da batir, a kunna kowane abu ɗaya bayan ɗaya, a nemo wayarsa da mita, a rubuta. Haɗi a yi shi da dalma da robar da ke tsukewa da zafi, ko a yi gajeriyar wayar haɗi mai soket biyu don kada a yanka ta motar. Murɗa waya a naɗe da salatif damina ɗaya yake yi.

Ƙwai biyu masu wat 55 suna jan kusan amfiya 9. Makunnin da ya shekara 25 yana aiki gara a sauke masa wannan kaya: a sa rile mai amfiya 30, a jawo wuta daga batir da waya mai kaurin milimita sikwaya 2.5, da fiyus mai amfiya 15 dab da batir, tsohuwar wayar ta zama mai ba rile umarni kawai. In sigina ta dawo tana ƙiftawa da sauri, nauyin ƙwan ya ragu ko wayar ƙasa ba ta kama ba.

Ga abin da ake yawan mantawa. Duk S15 mai sitiyari a dama ce, an yi ta don ƙasashen da ake tuƙi a hannun hagu, saboda haka hasken dim ɗinta yana ɗagawa ta hagu. A Nijeriya tun 1972 ake tuƙi a hannun dama, a Nijar da Ghana da Amurka ma a dama ake tuƙi. A irin waɗannan tituna hasken kai tsaye idon mai tahowa yake shiga. Maganin yana cikin fitilar: a ɗumama bakinta da bindigar zafi har baƙin gam ɗin ya yi laushi, a raba gilashi da gida, a sauya ɗan fallen ƙarfen da ke yanka haske a bayan ƙwayar gilashin, ko a sa ƙwayar da aka yi don tuƙin dama. A rufe da sabon gam, in ba haka ba za ta riƙa yin gumi. Saiti kuma: a tsayar da mota mita 10 daga bango, layin hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar.

Fenti

Ba a fenti sai an ɗaura komai, an yi yawo da motar kwana biyu, an sake duba rata. Sannan a sauke. A goge faiba da samfefa 180, a fesa firaimar ifoksi, a bi da firaima mai cika rami hawa biyu zuwa uku da bakin bindigar fenti mai milimita 1.7 ko 1.8. A yayyafa baƙin fenti sama-sama, a goge da 320 a kan dogon katako. Inda baƙi ya rage akwai kwari. A gama da 500 ko 600. Bambar roba tana son maganin kama roba kafin firaima, da sinadarin laushi a cikin fentin, in ba haka ba zai ɓare kamar ɓawon ƙwai. A fenta cikin fenda da bakunanta a ƙasa, a ɗaura, sannan a fesa waje gaba ɗaya.

Launi da kiliya, wato fentin ƙyalli na ƙarshe marar launi, da baki 1.3 ko 1.4, matsin iska kusan bar 2, nisan hannu santimita 15 zuwa 20, minti 10 zuwa 15 tsakanin hawa da hawa. Gwargwadon haɗi a bi abin da ke jikin gwangwani. Ko lambar fenti ta yi daidai, tsohon ya riga ya sha rana, don haka a shigar da sabon launin cikin ƙofofi ya ɓace a hankali, a rufe ƙofar duka da kiliya. Fentin azurfa da aka tsayar a bakin fenda kowa zai gane. Hadinar kiliya guba ce ga huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta, sai takunkumi na masu fenti. Lokacin hunturu a yayyafa wa daɓe ruwa a rufe ƙofar rumfa saboda ƙura.

Baya da takardu

Mafi yawa a fuska suke tsayawa, kuma suna da hujja. Fitilun bayan S15 suna buƙatar a yanke jikin baya da but da bangon ƙarshe a walda wasu, jikin baya kuwa yana cikin abin da ke riƙe motar. Wahalarsa ta ninka ta gaba, kuskurensa ba ya gyaruwa da samfefa.

Lambar shasi ba a taɓa ta, a takarda motar S14 ce har gobe, kuma haka za a gaya wa mai saye. In launi ya sauya a je ofishin lasisi a gyara takardu, a sanar da kamfanin inshora. Tsohon bonet da fenda da fitilu a naɗe su a ajiye a inuwa, musamman in na ƙirar 1996 zuwa 1998 ne mai kaifin ido, domin masu nemansu suna da yawa kuma ba a ƙara ƙera su.